Trischa Zorn: An haife ta da larurar ido, ta ci lambobin yabo 55 a ninƙaya

Idan likita ya shaida muku cewa ɗanku ko 'yarku na da larurar ido wadda tabarau ba zai gyara ba, tambayar da ta fi zuwa a zuciya ita ce: yaya rayuwar yaron nan za ta kasance? Zai yi karatu? Zai iya fita shi kaɗai? Iyaye da yawa, saboda ƙauna da tsoro, sukan killace irin wannan yaro a gida, su hana shi wasa da guje-guje don kada ya ji ciwo. Wannan maƙala za ta kawo muku tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Trischa Zorn, wadda aka haifa da raunin gani mai tsanani, kuma har yau babu wanda ya kai ta yawan lambobin yabo a gasar Olamfik ta masu nakasa, wadda ake kira Paralimfik. Za mu bayyana muku larurar da take da ita, yadda masu raunin gani ke yin ninƙaya ba tare da sun yi karo da bango ba, da abin da ya kamata ku yi idan kuna da irin wannan yaro a gida.

Wace ce Trischa Zorn?

An haifi Trischa Zorn ranar 1 ga Yuni, 1964, a garin Orange da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Ta zo duniya da larurar da likitoci ke kira aniridiya, kuma a dokar ƙasarsu tana cikin waɗanda ake lissafawa a matsayin makafi, duk da cewa tana da ɗan gani kaɗan. Tun tana yarinya ta shiga ƙungiyar ninƙaya ta Mission Viejo, ɗaya daga cikin fitattun ƙungiyoyin ninƙaya na Amurka a wancan lokaci. A can tare da yara masu cikakken gani take atisaye, kuma da su take gasa. Daga baya ta shiga Jami'ar Nebraska, inda ta yi wa jami'ar ninƙaya har ta shiga sahun fitattun ɗaliban jami'o'in ƙasar a salon rigingine.

Ta fara halartar Paralimfik a 1980 a birnin Arnhem na ƙasar Holan tana da shekara 16, ta dawo gida da lambobin zinare 7. Daga nan ba ta tsallake ko gasa ɗaya ba har 2004, wato ta halarci gasa bakwai a jere cikin shekara 24: New York a 1984, Seoul ta Koriya ta Kudu a 1988, Barcelona ta Sifaniya a 1992, Atlanta a 1996, Sydney ta Ostireliya a 2000, sai Athens ta Girka a 2004. A Seoul kaɗai ta ci zinare 12. A Barcelona ta ci zinare 10 da azurfa 2. A Atlanta ita ce ta karanta rantsuwar 'yan wasa a madadin dukkan waɗanda suka halarta. A Athens kuwa, tana da shekara 40, tana fafatawa da 'yan matan da ta haifa a shekaru, ta ci tagulla a tseren mita 100 na rigingine.

Jimilla ta tara lambobi 55: zinare 41, azurfa 9, tagulla 5. Don ku gane girman wannan adadi, Michael Phelps, wanda ya fi kowa lambobi a tarihin Olamfik, 28 gare shi. An saka sunanta a zauren gwarazan Paralimfik na duniya a 2012, kuma hukumar ninƙaya ta Amurka tana ba da wata kyauta da sunanta ga 'yan ninƙaya masu nakasa da suka yi fice.

Rayuwarta ba ta tsaya a ruwa ba. Ta yi shekaru tana koyar da yara a makarantun gwamnati na birnin Indianapolis, sannan ta koma ta karanta aikin lauya a Jami'ar Indiana, ta kuma yi aiki da ma'aikatar kula da tsoffin sojojin Amurka.

Mece ce aniridiya?

Ku dubi idonku a madubi cikin haske. A tsakiyar farin ido akwai wani zobe mai launi, wanda a yawancinmu ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma a tsakiyar zoben akwai ɗan baƙin ɗigo. Ɗigon nan ƙofa ce da haske ke bi ya shiga cikin ido. Aikin zoben shi ne ya tsuke ƙofar idan rana ta yi ƙarfi, ya buɗe ta idan duhu ya yi. Mai aniridiya ana haifarsa babu wannan zobe, ko kuma da ɗan guntunsa kawai a gefe. Ƙofar tana nan a wangale dare da rana, haske yana kwarara ciki babu mai tare shi. Shi ya sa za ku ga yaron yana runtse ido, yana hawaye, yana sunkuyar da kai da zarar an fita da shi rana.

Rashin zoben ba shi ne babbar matsalar ba. Larurar tana tasowa ne daga sauyi a wata ƙwayar gado da ake kira PAX6, wadda ke jagorantar ginin ido baki ɗaya tun jariri yana ciki. Saboda haka sauran sassan ido ma sukan taɓu:

Tsakiyar tantanin bayan ido, wurin da ke ba mu gani mai kaifi na karatu da gane fuska, ba ya gama ginuwa. Wannan ne babban dalilin raunin ganin, kuma tabarau ko tiyata ba sa gyara shi.

Ido yakan riƙa rawa hagu da dama ba da son yaron ba. Sau da yawa wannan ce alamar farko da uwa ke lura da ita a makonni ko watannin farko bayan haihuwa.

Hawan jinin ido, wato gilakoma, yakan samu masu aniridiya da yawa, har kusan rabinsu, galibi a ƙuruciya ko farkon samartaka. Yana cin jijiyar gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Yanar ido takan fito da wuri, tun kafin shekarun da aka saba ganinta.

Fatar gaban ido, wadda ya kamata ta kasance garau kamar gilashi, takan fara dusashewa yayin da shekaru ke tafiya, ido ya riƙa bushewa yana zafi.

Larurar ba ta da yawa. Ana ƙiyasta tana samun mutum ɗaya cikin 40,000 zuwa 100,000, maza da mata daidai, a kowace ƙabila. Kusan kashi biyu cikin uku na masu ita sun gada ne daga uwa ko uba, kuma idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 50 cikin ɗari yaron ya gada. Sauran kashi ɗayan kuma sukan zo da ita ne haka kawai, babu kowa mai ita a dangi. Ba abin da uwa ta ci ko ta kalla lokacin goyon ciki ne ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Akwai abu guda da ya kamata iyaye su riƙe da kyau. A cikin yaran da suka zo da aniridiya ba tare da gado ba, kusan ɗaya cikin uku sun rasa wani yanki na ƙwayoyin gado da ya haɗa da wadda ke kare ƙoda daga ciwon daji. Irin waɗannan yara suna cikin haɗarin kamuwa da ƙarin ƙoda da ake kira ƙarin Wilms. Don haka ƙa'idar likitoci ita ce, idan ba a yi gwajin ƙwayoyin gado an tabbatar babu wannan haɗari ba, a riƙa yi wa yaron hoton ciki duk bayan wata uku har ya kai shekara takwas. Ƙarin Wilms yana cikin cututtukan dajin yara da ake warkewa daga gare su sosai idan an gano da wuri.

A wurin yaranmu masu duhun ido, gane larurar da kallo kawai yana da wuya, domin ido marar zobe baƙi yake bayyana, kamar kowane ido. Ku fi mayar da hankali ga rawar ido, gudun haske, da jaririn da ya kai wata uku amma ba ya bin fuskar mahaifiyarsa da kallo.

Yaya marar gani ke gasar ninƙaya?

Tafkin gasa tsawonsa mita 50 ne, an raba shi layi-layi da igiyoyi masu yawo a saman ruwa. Mai cikakken gani yana bin baƙin zanen da ke ƙasan tafkin don ya miƙe, yana kuma hango bango don ya san lokacin juyawa. Mai raunin gani dole ya samo wata hanyar.

Hanya ta farko ita ce ƙirga. Ɗan ninƙayar da ya ƙware ya san adadin bugun hannu da ke kai shi daga wannan bango zuwa wancan, kuma yana maimaita atisaye har sai tsawon kowane bugu ya zama iri ɗaya ko ya gaji. Idan ya yi kuskuren bugu ɗaya, ko dai ya juya kafin ya isa bango ya yi asarar lokaci, ko ya buga hannu ko kai. Hanya ta biyu ita ce igiyar layi: yana ɗan gogarta da hannu ko kafaɗa don ya san bai karkace ba. Ta uku kuma mataimaki ne da ke tsaye a bakin tafki riƙe da doguwar sanda mai soso a kanta. Idan ɗan wasan ya kusa bango, sai ya taɓa shi a ka ko a baya. Su biyun sukan daɗe suna atisaye tare, domin taɓawar da ta yi sauri ko ta makara da ƙiftawar ido tana iya jawo faɗuwa a tsere ko rauni.

Don a yi adalci, likitocin ido ne ke auna 'yan wasa su raba su rukuni uku. Rukunin S11 na waɗanda ba sa gani sam ne ko kusan haka. Dole su sa tabarau na ruwa da aka rufe da baƙi don kowa ya zama daidai, kuma dole a ba su mai taɓawa. S12, rukunin da Zorn ta yi gasa a ciki a shekarunta na ƙarshe, na masu ɗan gani kaɗan ne. S13 kuma na waɗanda ganinsu ya fi na sauran, amma duk da haka bai wuce 6/60 ba, ko kuma faɗin abin da suke gani ya tsuke sosai. Ma'anar 6/60 ita ce, harafin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 60, shi sai ya matso mita 6 kafin ya karanta.

Ba waɗanda aka haifa da larura kaɗai ke shiga ba. Brad Snyder sojan ruwan Amurka ne da ya rasa idanunsa biyu sakamakon fashewar bam a Afganistan a watan Satumbar 2011. Dama ɗan ninƙaya ne tun yana makarantar sojoji, sai aka mayar da shi ruwa a matsayin wani ɓangare na farfaɗowa. Ranar 7 ga Satumba, 2012, shekara ɗaya cif da raunin, ya ci zinare a tseren mita 400 a Paralimfik ta Landan. Wanda ya rasa gani da girmansa, ta dalilin haɗari ko ciwon suga ko hawan jinin ido, shi ma yana iya sake koyon sarrafa jikinsa.

Me ya sa likitoci ke ƙarfafa motsa jiki ga mai raunin gani?

Masu raunin gani, yara da manya, sukan fi sauran mutane zama wuri ɗaya, saboda tsoron faɗuwa ko saboda an hana su fita. Zaman nan yana da nasa illolin: ƙiba, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da tsoka, da damuwar da kaɗaici ke kawowa. Ciwon suga da hawan jini kuma suna iya lalata ɗan ganin da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, manya kuma minti 150 zuwa 300 a mako, kuma shawarar ta haɗa da masu nakasa.

Ninƙaya tana da nata fifikon. A cikin tafki babu rami, babu dutse, babu abin hawa. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, gaɓoɓi ba sa wahala, zuciya da huhu suna ƙarfi. Yaron yana koyon sanin inda hannunsa da ƙafarsa suke ba tare da ya kalla ba, kuma wannan yana taimaka masa wajen tafiya a tudu. Haka nan iya ruwa kariya ce: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna kusan mutum 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma yara ƙanana suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Idan babu tafkin ninƙaya a inda kuke, manufar ba ta sauya ba. Tafiya da sauri tare da ɗan rakiya, gudu da igiya gajera da mutum biyu ke riƙewa, tsallen igiya, ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, duk suna yin aikin.

Matakan kariya kafin a shiga ruwa

Ku fara tuntuɓar likitan ido. Wanda aka yi wa tiyatar ido kwanan nan, ko yake da gyambo ko ciwo a ido, kada ya shiga ruwa sai likita ya ba da izini.

Kada mai raunin gani ya shiga ruwa shi kaɗai, komai ƙwarewarsa. A samu babba da ya iya ruwa yana kusa, idonsa a kansa. Kafin ya shiga, a zagaya da shi ya taɓa matakala da bango, a gaya masa inda zurfi ya fara.

A sa tabarau na ruwa, domin sinadarin da ake zuba wa tafki yana ƙara busar da ido. Ga mai hawan jinin ido, a zaɓi mai faɗi wanda ke zama a kan ƙashin da ke kewaye da ido, domin ƙarami mai matsewa yana iya ɗaga matsin cikin ido na ɗan lokaci. Ga mai gudun haske, akwai masu duhu.

Wanda ke amfani da gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido ya cire shi kafin ya shiga ruwa, domin ƙwayoyin cuta suna iya maƙalewa a ƙarƙashinsa su haifar da gyambo.

Kududdufi, madatsar ruwa da rafi ba wurin koyo ba ne. Ban da zurfin da ba a sani ba da igiyar ruwa, a yankunanmu irin waɗannan ruwaye su ne matattarar cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini.

Yaron da ke da farfaɗiya ko ciwon zuciya yana buƙatar shawarar likitansa ta musamman kafin ya fara.

Abin da ya rataya a wuyan iyali

Larurar Zorn tana tare da ita a duk shekarun da ta yi tana gasa. Abin da ya ba ta dama shi ne an bar ta ta shiga cikin tsaranta tun da wuri, ta yi makaranta, ta samu masu horarwa da suka yarda su karɓe ta. Ba kowane yaro zai ci lambar zinare ba, amma waɗannan abubuwa suna hannun kowane iyali gwargwadon hali.

Na farko, ku kare ganin da ya rage. Mai aniridiya yana buƙatar ganin likitan ido aƙalla sau ɗaya a shekara tsawon rayuwarsa, a auna matsin idonsa, ko da ba ya jin komai. Idan an rubuta maganin ɗigawa na hawan jinin ido, kada a daina saboda ido ba ya ciwo. Baƙin tabarau da hula mai baki suna rage wahalar rana. Akwai kuma zoben ido na roba da ake dasawa ta hanyar tiyata a wasu ƙasashe; yana rage ƙyallin haske, amma ba ya gyara tantanin bayan ido, kuma yana da nasa haɗarin, don haka likita ne zai auna ko ya dace. Ku guji ɗiga ruwan ganye, nono, fitsari ko wani haɗi a ido, kuma kada ku bari wani ya taɓa yanar ido da allura a gida. Idon da dama yake da rauni ba ya jure irin wannan.

Na biyu, ku nemi abin da ke taimaka wa ɗan ganin ya yi aiki. Gilashin ƙara girman rubutu, littafi mai manyan haruffa, zama a gaban aji nesa da taga, da wayar da ke karanta rubutu da murya, duk suna sauya karatun yaro. Idan ganin bai isa karatu ba, rubutun makafi na Braille yana nan, kuma a arewacin Najeriya akwai makarantun da suka daɗe suna koyar da shi, irin ta Gindiri a jihar Filato. Manyan asibitocin ido, kamar Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, su ne wuraren da za ku nemi cikakken bincike.

Na uku, ku ba shi aiki da wasa kamar 'yan'uwansa. Ya share ɗaki, ya wanke kwanonsa, a aike shi kusa da gida tare da ɗan rakiya har ya haddace hanya. Ku riƙa ajiye kaya a wuri ɗaya, ku rufe rijiya, ku yi masa magana kafin ku taɓa shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka saba yi wa komai yakan girma yana jin ba zai iya komai ba.

Yaushe za ku garzaya asibiti?

Ku kai jariri ko yaro wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba idan kun ga idonsa yana rawa, yana tsananin gudun haske, akwai fari a tsakiyar baƙin ido, ido ɗaya ya fi ɗaya girma ko ya yi hazo, ko ya kai wata uku ba ya bin abu da kallo. Ga wanda aka riga aka gano yana da aniridiya, jan ido mai zafi, raguwar gani kwatsam, kumburin ciki ko jini a fitsari, duk alamu ne da ba a kwana da su. Idan kuma akwai mai larurar a danginku, ku sanar da likita tun lokacin awon ciki, domin a duba idon jaririn da zarar an haife shi.